Yatsu Biyu a Ƙeya

Da ƙarfe goma na safe aka kunna Kitsau. Hannayensa biyu suka sauko daga cikin wani baka na farin ƙarfe, kowane hannu da yatsu shida masu laushin roba, suka tsaya daidai kan wata yarinya da ke zaune a kujerar gwaji. Wani siririn haske kore ya zagaya kanta sau ɗaya, ya auna yawan gashin da tsawonsa da taurinsa. Yarinyar ta taɓa hoton shuku a jikin allo.

Injin bai fara kitson nan take ba. Yatsu biyu na hannun dama suka gangara ƙeyarta, suka kwanta a kan wuyan, suka ɗan jima a wurin. Sannan suka sunkuyar da kan a hankali har haɓarta ta kusa taɓa ƙirji, suka sake ɗago shi. Bayan haka ne tsinke ya fito ya ja tsagar farko, yatsun goma sha biyu suka shiga aiki, ido ba ya iya bin su. Minti tara aka yi, yarinyar ta miƙe tana shafa kanta, mutanen da ke tsaye bayan igiya suka tafa.

Wannan shi ne Kitsau na farko da aka taɓa ƙerawa, shi ya sa aka ba shi ɗaki guda shi kaɗai a hawa na uku na Gidan Ƙira, babban gidan baje kayan zamani da ke bakin ruwa a Birnin Tiga. A shekarar nan ta 2074 akwai irinsa dubu arba'in suna aiki a tashoshi da makarantu da asibitoci da kasuwanni. Ba baƙon kowa ba ne. Amma masu kula da gidan sun ce abin da ya canza rayuwar mutane ba sai ya tsufa ake karrama shi ba.

A daidai wannan lokaci, can ƙasa a bakin ƙofa, matar da ta ƙera shi tana taimaka wa mahaifiyarta ta sauko daga jirgin igiya, mai ɗaukar fasinja ta sararin sama.

Injiniya Kubura shekarunta hamsin da biyu, doguwa ce mai saurin tafiya, amma yau dole ta rage sauri. Inna Lantana tana da saba'in da tara. Fiye da shekara arba'in ta yi tana kitso, har amosani ya kama yatsunta ya karkatar da su kamar citta.

"Inna, ga keke nan mai tafiya da kansa," in ji Kubura. "Ki zauna, gidan yana da girma."

"Ƙafafuna lafiyarsu lau. Hannun ne suka yi ritaya."

Kubura ta bar keken a nan. Har yanzu mamakin zuwan take yi. Shekara goma sha ɗaya ke nan da fitowar Kitsau, Inna ba ta taɓa yarda ta kalle shi ba, ko a hoto. Sai shekaranjiya da safe, suna shan koko, tsohuwar ta ajiye ludayi ta ce, "An ce an sa hannuna a gilashi mutane suna zuwa kallo. Kai ni in gani."

A ƙofa aka maƙala wa kowace ɗan maɓallin jagora a gefen mayafi. Aikinsa shi ne ya yi bayanin duk abin da mutum ya tsaya a gabansa. Da na Inna ya yi mata barka da zuwa, sai ta amsa masa tsaf, ta tambaye shi ya aiki, ya gida. Ya ce ba shi da gida.

"Allah sarki," ta ce. "Allah ya ba ka."

Hawa na farko na kayan gida ne. Komai yana zaune a kan farin dandamali, haske yana sauko masa daga sama kamar amarya. Akwai murhu mai ajiye zafin rana ya dafa tuwon dare, da tabarma mai sanyaya kanta, da randar da ke tatsar ruwa daga iska. Inna ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kallo irin na mai sayayya a kasuwa. Ta tsaya gaban wani turmi na baƙin dutse mai murfi. Jagoran ya ce yana daka gero mudu guda cikin minti biyu, kuma ko sauro ya fi shi ƙara.

"Daka ba ƙara?" Inna ta juyo. "To ta yaya maƙwabciya za ta san kin tashi lafiya?"

"Sai ta kira ki a waya, Inna."

"Uhm."

Amma da suka zo kan wata buta sai fuskarta ta saki. Butar ba ta kifewa ko an ture ta, tana ɗumama ruwan alwala da kanta in ana sanyi, kuma mariƙinta faffaɗa ne, ana zura tafin hannu gaba ɗaya ba sai an damƙa ba. An yarda a taɓa. Inna ta zura karkataccen hannunta, butar ta ɗagu cak.

"Wanda ya yi wannan yana da tsoho a gida," ta ce.

Kubura ta karanta rubutun da ke gefe. Wani malamin makaranta ne ya zana ta saboda mahaifinsa mai shanyewar ɓarin jiki. Ta faɗa wa Inna.

"Ai na sani. Ana gani a jikinta."

Can gaba akwai kujera 'yar tsugunne, irin ta tsakar gida, wadda in mutum ya dafa gwiwa zai tashi sai ta ɗago shi a hankali. Inna ta zauna, ta dafa gwiwa, kujerar ta miƙar da ita tsaye. Ta kama baki. Ta sake zama, ta sake dafawa. Sau uku ta yi, a na ukun tana dariya har da hawaye. Kubura ta tsaya tana kallonta, ta rasa tun yaushe rabon da ta ji wannan dariyar.

Suna cikin lif za su hau sama, dariyar ta gushe daga fuskar Kubura. Akwai abin da ke damunta, kuma ba ta gaya wa kowa a gida ba.

Ba a koya wa Kitsau kitso da dokoki ba. Injiniyoyi da yawa sun gwada haka kafin ita, sun rubuta wa inji cewa ɗauki sili uku, ɗora na dama a kan na tsakiya, amma kitson ya riƙa fitowa ko dai ya saki ko ya yi tsananin da sai an sha magani. Dabarar Kubura daban ce. Ta ɗinka safar hannu mai ɗauke da ƙananan na'urori ɗari huɗu, masu jin kowane motsi da kowane matsi na yatsa. Ta roƙi mahaifiyarta ta sa. Shekara biyu Inna tana kitso da safar a tsakar gidansu, kai dubu ɗaya da ɗari uku, kwamfuta tana haddacewa. Don haka abin da Kitsau ke yi ba kwaikwayon kitso ba ne kawai. Hannun Inna Lantana ne, da duk ɗabi'unsa.

Cikin ɗabi'un akwai ɗaya da ba wanda ya gane amfaninta: wannan kwantar da yatsu biyu a wuya da sunkuyar da kai kafin a fara. A kamfani sunanta tsaiko. Daƙiƙa goma sha ɗaya take ci. Sun taɓa gwada cire ta a shekarun farko, sai injin ya rikice, tsaga ta riƙa karkacewa, dole aka mayar. Yanzu an samu sabuwar manhaja da za ta iya yanke ta ba tare da komai ya lalace ba, kuma gobe da safe ake jiran Kubura ta sa hannu.

Da ta tambayi Inna tun tuni, da ta san ko mene ne. Amma ba ta tambaya ba. Shekara uku da fitowar Kitsau tsakar gidansu ya yi tsit. Matan da ke cika tabarma tun hantsi, da goyonsu da hirarsu da rigimarsu, suka ragu, suka koma biyu, suka koma babu. Ba Inna kaɗai ba, duk makitsan garin haka. Inna ba ta taɓa cewa uffan ba. Ta wanke tsinkenta da matajinta ta sa a kwalla ta rufe. Tun daga nan maganar injin ta zama wani wuri da su biyun suke kewayewa.

Ɗakin Kitsau a cike yake. A bango akwai babban hoton Inna tana ƙuruciya-ƙuruciya, kan wata mata a cinyarta. Ƙarƙashinsa akwai akwatin gilashi, ciki safar hannun ce, an cusa mata wani abu ta tsaya a buɗe kamar mai addu'a. Inna ta daɗe a gabanta. Ta ɗaga nata hannun ta kara a jikin gilashin, ta kalli wannan ta kalli wancan.

"Da haka suke," ta ce. "Miƙaƙƙu."

Aka sanar cewa za a sake gwaji. Wata mata mai kimanin shekara talatin, sanye da rigar ma'aikatan tasha, ta tura 'yarta gaba. Yarinyar ta hau kujera ta zaɓi kalaba. Kubura ta samar wa Inna wuri a gaba, daf da igiya.

Hannayen suka sauko. Hasken ya zagaya. Yatsu biyu suka gangara ƙeyar yarinyar suka kwanta.

Kubura ta ji an damƙi hannunta. Ta juya. Inna ba ta kallon tsinken da ya fito, ba ta kallon kitson da ya fara zuba layi-layi. Idonta yana kan wuyan yarinyar, bakinta a ɗan buɗe.

"Kowa yake yi wa haka?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Kowa, Inna."

"Kullum?"

"Kowane kai, kafin ya fara. Daga wurinki ya koya. Mun rasa..."

"Zaunar da ni."

Akwai benci a ƙarshen ɗakin, kusa da taga mai kallon ruwa. Kubura ta kai ta can, ta cire maɓallan jagoran biyu ta sa a jaka don kada su sa baki. Ta miƙa mata ruwa, Inna ta girgiza kai. Can bayansu aka tafa wa injin.

"Kin san an yi wata kafin ke," Inna ta ce.

"Na sani. An ce ba ta zauna ba."

"Ta zauna. Shekara huɗu da wata biyar."

Kubura ta juyo gaba ɗaya. Duk rayuwarta ta ɗauka jaririya ce ta kwana biyu ko uku. Ba hoto, ba suna, ba wanda ya taɓa ƙara mata bayani, mahaifinta ma har ya rasu bai ce komai ba.

"Muna Tungar Maje a lokacin, kafin mu dawo birni. 'Yar fari ce. Ke ba ki san wannan ba, kin zo an daina. A garinmu ba a ɗaukar ɗan fari a gaban mutane. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa. Kunya ce. In ta faɗi a tsakar gida sai dai kakarta ta ɗaga ta, ni in kau da kai kamar ban gani ba." Ta ɗan numfasa. "Wuri ɗaya ne ba mai yi mini dariya. Kitso. In na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna, kanta a cinyata, ai aiki nake yi. Sai in riƙa jan aikin. Kitson kwana huɗu sai in ce ya tsufa, in tsefe, in sake. A kanta na koyi sana'ar nan, ba don kuɗi ba. Don in taɓa ta."

Kubura ta ajiye ruwan a gefen benci.

"Wata Talata da bazara na zaunar da ita. Tun safe ba ta da kuzari. Na ce sunkuya. Ta ƙi. Na ce sunkuya mana. Ta ce ciwo. Uwar mijina tana zaune a gefe tana tsince wake, tana kallonmu. Na ce a raina kada a ce ina shagwaɓa 'yar fari. Sai na sa hannu a ƙeyarta na danna."

Ta ɗaga hannun dama ta kalle shi.

"Ƙarar da ta yi, har yau ban ji irinta ba. Jikin da ɗumi, amma bazara ce, wa ba shi da ɗumi? Na ce rigima ce. Na gama kitson, Kubura. Tana kuka na gama shi tsaf, layi takwas. Washegari ba ta iya buɗe ido a haske. Kafin a samo mota, kafin a kai asibitin ƙaramar hukuma, dare ya yi. Sanƙarau ne. Likitan ya tambaya yaushe wuyan ya ƙage, na ce jiya. Ya dai kalle ni. Ranar Alhamis aka kai ta. Ko kuka ban yi a fili ba. 'Yar fari ce."

Wani jirgin ruwa mara matuƙi ya ratsa ta gaban tagar, ya bar farin layi a bayansa. Kubura ta kama hannun mahaifiyarta da hannu biyu. Ƙasusuwan sun yi tsini, fatar ta yi laushi kamar tsohon zane.

"Tun daga ranar ban ƙara taɓa kan kowa ba sai na fara jin wuyan. Babba ko yaro. In ji ko da zafi, in sunkuyar a hankali in ga ko zai tafi. A shekara arba'in yara bakwai na ce wa iyayensu ku bar kitson nan ku tafi asibiti yanzu. Shida sun rayu. Ɗaya ma ita ta haifi mai sayar mana da madara."

"Ban taɓa lura ba," in ji Kubura. "Kin yi mini kitso ya fi sau dubu."

"Ni ma ban san ana gani ba."

Sai kan Kubura ya fara aiki, yadda ya saba in an ajiye matsala a gabansa. "Inna, yatsun nan ba sa jin zafi. Matsi kawai suke ji. Ban sa musu ma'aunin zafi ba, don ban san ana bukata ba. Amma abu ne mai sauƙi. Da ma'aunin zafi da na taurin wuya, wata uku ya isa, kowane Kitsau zai iya..."

Ta tsaya.

Lissafin ya zo mata da kansa, ba ta gayyace shi ba. Inji dubu arba'in. Shekara goma sha ɗaya. Ta tuna bazarar shekara uku da suka wuce, da cutar ta shiga unguwannin gabas aka rufe makarantu. A waɗannan makonnin ma injinan suna aiki. Yara nawa ne suka zauna da wuya mai zafi, yatsun suka sauko suka kwanta daidai inda ya kamata, suka jira, suka sunkuyar da kan, sannan suka ci gaba da kitso? In kan ya ƙi sunkuya, ta san abin da injin ke yi, don ita ta rubuta: yana cewa, da murya mai daɗi, a gyara zama. Matan da za su ce a bar kitson nan a tafi asibiti kuwa, ita ta tashe su daga aiki.

Ta sa fuska cikin tafin hannunta.

"Ke," Inna ta ce. "Ɗago. Ba ki sani ba. Ni da na sani ma ai ban faɗa ba." Ta jira har Kubura ta ɗago. "Ki sa musu abin jin zafin, ta duk inda kuka iya. Wannan alheri ne. Amma kwantar da yatsun nan, ki cire."

"In cire?"

"Ba zafi kaɗai nake nema ba. In zafi ne, ai taɓawa ɗaya ta isa. Jimawar da nake yi, haƙuri nake ba ta. Kowane wuya na taɓa, ita nake ba haƙuri. Tsakanina da ita ne. Na sa safarki don ki ɗauki kitso, ban san har da wannan za ta kwasa ba. Yanzu ga shi ana yi a tasha, ana yi a kasuwa, mutane suna tafi."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ta yi faɗan ma da ya fi sauƙi. Kubura ta gyaɗa kai. Abin da kamfani ke so ke nan, sa hannu ɗaya ne, amma ba ta taɓa jin nauyin alƙalami irin na yanzu ba.

"Salamu alaikum. Don Allah ku yi haƙuri."

Matar nan ce mai rigar ma'aikatan tasha, 'yarta tana can tana kallon kanta a madubi. Ta ɗan rusuna.

"Iya, ke ce a hoton can, ko?"

"An ce ni ce."

"Sunana Murjanatu. Ba zan daɗe ba, na ga kuna magana. So nake kawai in yi miki godiya." Ta murɗa bakin mayafinta. "Mahaifiyata ta rasu ina shekara tara. Bayanta an yi ta yi mini kitso, amma kowa sauri yake, a ja a gama. Ranar da na fara zama a ƙarƙashin injin nan, a tashar da nake aiki, da ya sa yatsun nan a wuyana ya tsaya, wallahi sai na fashe da kuka. Mutane suka ɗauka ya ja mini gashi ne. Yanzu duk Juma'a nake zama, ko kitson bai tsufa ba. Ba ni kaɗai ba ce, mu da yawa ne. Muna ce masa sannu. In mace ta ce bari in je a yi mini sannu, to kowa ya gane."

Kubura ta kalli mahaifiyarta. A duk rahotannin da ake kawo mata ofis, ba ta taɓa ganin wannan kalmar ba.

Inna ta daɗe tana kallon matar. Sannan ta ja ƙafafunta ta buɗe wuri a gabanta.

"Zo nan, 'yar nan. Juya. Zauna."

"A ƙasa, Iya?"

"Da a ina ake zama?"

Murjanatu ta waiga ta kalli mutane, sannan ta zauna a kan farin daɓen gidan, ta ba Inna baya. Inna ta zame mata mayafi kaɗan. Yatsun ba sa miƙewa, don haka gefen hannun ta kwantar a kan wuyan, ta bar shi. Ta sunkuyar da kan a hankali, ta ɗago shi.

"Wuyanki lafiya lau. Amma nan ya yi tauri kamar itace, gajiya ce. Wa ke taya ki aiki a gida?"

"Ba kowa."

"Uban yarinyar fa?"

Murjanatu ta sunkuyar da kai. Kafaɗunta suka fara rawa. Inna ta jawo kan ta ɗora a cinyarta, kamar yadda ta yi wa dubban kawuna, ta ce, "To, ina ji."

Kubura ta tashi ta ba su wuri. Ta je wajen yarinyar ta yaba kalabarta, ta zagaya da ita ɗakin tana nuna mata zane-zanen farko na injin, waɗanda ta yi da fensir tun tana ɗaliba. Daga nesa tana hango bakin Murjanatu yana motsi, Inna tana gyaɗa kai, hannunta bai bar wuyan ba. Wani mai gadi ya nufo su don ya ce ba a zama a ƙasa, ya zo kusa, ya tsaya, ya juya ya koma. An fi rabin awa. Da Murjanatu ta miƙe, idanunta sun kumbura, amma tana murmushi. Inna ta kwatanta mata gidansu, ta ce ta zo ranar da ba ta da aiki, ta taho da yarinyar.

Ba su ƙarasa sauran hawan ba. Inna ta ce ta ga abin da ta zo gani.

Bayan azahar suka shiga jirgin igiya. Ya ɗaga su sama da bakin ruwa, garin ya shimfiɗu a ƙarƙashinsu, rufin gidaje masu shan rana suna ƙyalli, titunan cike da motoci marasa ƙara. Daga nan sama ana iya hango rumfunan Kitsau, fararen bakuna a bakin kowace tasha, mata a layi suna jira. Inna ta jingina goshi da gilashi tana kallonsu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya.

"Gobe ne za a yanke maganar," in ji Kubura. "Abin da kika ce shi zan yi. In kin ce in cire, zan cire."

Inna ta bi layin matan da ido har suka wuce tasha biyu.

"Bar musu," ta ce. "Tunda shi kaɗai kuka rage musu."

Kubura ba ta kare kanta ba. Ta matsa kusa har kafaɗarsu ta haɗu. Jirgin ya yi ɗan lilo a kan igiyarsa, ya ci gaba.

"Inna."

"Na'am."

"Yaya sunanta?"

Tsohuwar ta ɗago daga jikin gilashin. Leɓɓanta suka motsa, ba abin da ya fito. Shekara sittin da ɗaya ke nan da aka raɗa sunan, kuma bai taɓa fita daga bakinta ba, ko a ɗaki ita kaɗai. Tana raye kunya ta hana, da ta rasu kuma ba wanda za a kira. Ta gyara murya, ta kalli sauran fasinjojin, kowa yana harkar gabansa.

"Rahanatu," ta ce, a hankali, kamar mai taka daɓen da bai bushe ba.

Ta saurari yadda sunan ya fito. Sannan ta sake faɗa, wannan karon da ɗan ƙarfi, tana jan ƙarshensa, yadda uwa ke kiran 'yarta daga ƙofar ɗaki in rana ta yi sanyi.